Mamman Shata

Alhaji Mamman Shata (1923–1999) mawaƙin Hausa ne da aka haifa a Musawa, cikin Jihar Katsina ta yanzu. Da tallan goro ya fara neman na kansa, kuma mahaifinsa bai so ya shiga waƙa ba, amma ya dage har ta zame masa sana'a. Ya zauna a Bakori da Funtuwa da Kano.

Da kalangu ake yi masa kiɗa. Baiwarsa ita ce ƙirƙirar waƙa nan take: yana tsaye a fage, makaɗa na kiɗa, 'yan amshi na karɓa, shi kuwa yana jero baitocin da bai shirya daga gida ba. Ya yi wa sarakuna da attajirai da manoma da direbobi waƙa, Bakandamiyarsa kuma tana cikin fitattun waƙoƙin Hausa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988.

Akwai shaƙuwa mai ƙarfi tsakaninsa da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya waƙe. Shata ya rasu a Kano a watan Yunin 1999, aka kai gawarsa Daura aka binne. Har yau gidajen rediyon Najeriya da na Nijar suna sa waƙoƙinsa.