Daga Mai Bayanin Majigi Zuwa Sifikar Tsakiya



A 'yan shekarun nan gidaje da dama a Lafiya sun mallaki abin da 'yan kasuwa ke kira hom tiyata, wato tarin sifikun da ake haɗa wa talabijin don falo ya koma kamar gidan silima. Sai dai kuka ɗaya ake yawan ji: an kashe kuɗi, kiɗa na girgiza tagogi, amma maganar 'yan fim ba ta fita. Mai gida ya ƙara sauti, maƙwabci ya kasa barci, Hajiya kuma tana ta tambaya, "Me ya ce?" Maganin wannan yana jikin wata ƙaramar sifika da ake ajiyewa a ƙarƙashin talabijin, wadda mai saye ba ya ko kallonta. Ita ce sifikar tsakiya, kuma in aka bi tarihin kallo a ƙasar Hausa za a gane dalilin da ya sa ta fi sauran muhimmanci a wurinmu.

Kallon fim ya shigo Arewa ne a bayan mota. Tun ƙarshen shekarun 1920 wani jami'in lafiya Bature mai suna William Sellers ya fara amfani da fim a Legas don wayar da kan jama'a game da annoba, kuma a 1939 gwamnatin Ingila ta ba shi shugabancin sashen shirya finafinai na ƙasashen da take mulka. Daga nan motocin majigi suka riƙa zagaya garuruwa da ƙauyukan Jihar Arewa, wadda Lafiya ke cikinta a ƙarƙashin Lardin Binuwai. Mota za ta iso da injin wutarta, a kafa farin ƙyalle a fili, bayan magariba gari ya taru. A gefen ƙyallen akwai mutum ɗaya riƙe da makirfo, shi ne mai bayani. Shi ke faɗa wa jama'a da harshensu abin da ke faruwa, ya sa raha inda ya dace, ya ja kunne inda ya dace. Ranar da lasifikarsa ta lalace, hoto na motsi amma ba labari. Ko a shekarun 1950, lokacin da aka fara yin finafinai irin su Baban Larai don koyar da noman zamani, abin da manomi ke komawa gida da shi magana ce.

A birane kuma gidajen silima ne suka yi tashe. A Kano an buɗe Rex a 1937, Palace ta biyo baya a 1951, kuma Kwarori masu wannan harka su ne suka fara shigo da finafinan Indiya. Iyayenmu ba sa jin Indiyanci, amma hakan bai hana su cika silima ba. Duk wanda ya kalli fim sau biyar ya zama malami, ana zama kusa da shi yana fassarawa. Mai bayanin majigi bai mutu ba ke nan, kujera kawai ya sauya.

A daidai waɗannan shekaru, can Amurka injiniyoyi na fama da wata matsala. In aka sa sifika biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, wanda ya zauna daidai tsakaninsu zai ji kamar murya na fitowa daga tsakiyar allo. Wanda ya zauna a gefe kuwa, muryar sai ta karkata zuwa sifikar da ta fi kusa da shi, bakin ɗan wasa na nan, maganarsa na can. A 1933 kamfanin Bell ya yi gwaji: makaɗa na kiɗa a birnin Filadelfiya, aka tura sautin ta wayar tarho zuwa Washinton, aka fitar da shi ta sifiku uku, dama da hagu da tsakiya. Fim ɗin Fantasia na 1940 ya ɗauki wannan tsari, sannan a 1953, da aka fitar da fim ɗin The Robe mai faffaɗan allo, sifikar tsakiya ta samu gindin zama a bayan allo. Dalili a fili yake: ɗakin silima na da faɗi, kuma ba kowa ke samun kujerar tsakiya ba.

Sai a 1987 wannan sifika ta shigo gidaje, lokacin da kamfanin Dolby ya fito da tsarin Pro Logic. A 1992 Dolby ya fito da tsarinsa na 5.1 na dijital a silima, faifan DVD kuma ya kai shi falo a ƙarshen shekarun 1990. Ma'anar lambar ita ce sifiku biyar da wufa ɗaya: biyu a gaba, biyu a baya, ɗaya a tsakiya, sai wufar da ke ba da rugugi. A wannan tsari kusan duk maganar 'yan wasa ta tsakiya ake turo ta. Sauran suna ɗaukar kiɗa ne da ƙarar mota da ruwan sama.

A gida kuwa, a 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan harkar da ake kira Kannywood ta tashi. Lafiya ta zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996, ma'aikata da 'yan kasuwa suka ƙaru, shagunan haya na kaset da gidajen kallo suka samu kasuwa. Bayan 2010 sai ga finafinan Indiya da ake sa wa muryar Hausa, irin na Algaita, tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Labarina suka mamaye falo. Duba ka gani: fim ɗin Hausa zance ne. Ƙarfinsa na cikin gugar zana tsakanin kishiyoyi, da nasihar uba, da karin maganar tsohuwa. Harshenmu ma ba ya yafe wa sifika mai dishi-dishi. Tsakanin bata da ɓata, ko kara da ƙara, ɗan ƙaramin sauti ne, kuma irin wannan siririn sauti shi ne kunnen dattijo ke fara rasawa.

Ƙari a kan haka, falonmu ya fi kama da filin majigi. Mai gida na kan doguwar kujera, uwargida na gefe, yara na kan kafet, baƙo na kusa da ƙofa. Matsalar da ta sa aka ƙirƙiro sifikar tsakiya ita ce matsalar kowane falo mai jama'a.

To wanda zai shiga kasuwa, ga abin da wannan tarihi ke koya masa.

Na farko, ka san lambar da kake saye. Tsarin 2.1 ba shi da sifikar tsakiya sam. Ana samunta a 3.1 da 5.1, amma wasu masu araha sauti ɗaya kawai suke rabawa ko'ina. Ka kara kunnenka a sifikar baya: in magana na fita da ƙarfi kamar ta gaba, ba a raba komai ba.

Na biyu, yawancin finafinanmu da abin da ake saukewa daga YouTube sauti biyu ne, dama da hagu. Sai amfilifayar na da Pro Logic ko makamancinsa kafin ta iya tsamo maganar ta kai ta tsakiya. Ka tambaya, kuma a gwada a gabanka.

Na uku, kada ka bar mai shago ya gwada maka da kiɗan da ya zaɓa. Ka je da fim ɗin Hausa a waya ko filas, a sa wurin da mutum biyu ke hira, a rage sauti, ka koma gefe ka tsaya. In kana jin kowace kalma, sifikar ta yi. Dubban wat da ake rubutawa a kwali da sunan PMPO talla ce, lambar RMS ita ce abin dubawa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Na huɗu, ta tsakiya ta zama kamfani ɗaya kuma samfuri ɗaya da na dama da hagu, don kada muryar ɗan wasa ta sauya idan ya ratsa allo. A duba bayanta, om 6 ne ko 8, a tabbatar amfilifayar na ɗauka. Mai sayen na hannu ya duba wutar amfilifayar, domin ta Amurka 120 ce, tamu 230, kuma jonawa ɗaya ta isa ta ƙone ta.

Na biyar, in an kawo gida, a ajiye ta dab da talabijin, sama ko ƙasa, a bakin teburi, tana fuskantar kunnen masu zama. Kada a kulle ta cikin kabad, kada a rufe ta da ƙyallen ado. Falo mai tayil yana amsa kuwwa, kafet da labule masu kauri suna rage wannan. Sannan a shiga saiti a ɗan ɗaga ta tsakiya, a sassauta wufa.

Wanda ya yi haka zai ga ba ya bukatar ƙure sauti. Dattijo zai ji labari ba tare da ya tambayi jikansa ba, jariri zai yi barcinsa, maƙwabci kuma ya samu haƙƙinsa, musamman a gidajen haya da bango ɗaya ya raba. Kakanninmu sun yi tafiyar ƙasa don su ji mai bayanin majigi. Yanzu da aikinsa ya koma cikin ƙaramin akwati a falonmu, ya dace a zaɓe shi da natsuwa.

Dattawanmu da suka ga zamanin majigi a Lafiya da kewaye, muna roƙon ku ba mu labarin inda ake kafa ƙyalle da irin abin da aka nuna muku, don yaranmu su sani. Allah ya sa mu amfana.

Sakataren Ƙungiya, Lafiya