Daga Riƙo Zuwa Gidan Marayu: Wa Ke Riƙe Ɗan da Ba Shi da Kowa?

Yau tarihi za mu ɗan taɓa, tarihin yaron da ya rasa mai riƙonsa.

A da can, Bahaushe bai san wani gini wai shi gidan marayu ba. Riƙo muka sani. In uwa ta rasu, gwaggo ko inna ko kaka ce za ta goya. Shi kansa Manzon Allah (SAW) a maraici ya tashi, hannun kakansa Abdulmuɗɗalibi, sannan baffansa Abu Ɗalib. Kun san Baba ta Karo? Tsohuwa ce da wata Baturiya, Mary Smith, ta rubuta tarihinta a nan ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙe 'ya'ya har ta aurar. Sai dai mu faɗi gaskiya, riƙo ma yana da nasa tabon. Wace ce a cikinmu ba ta san 'yar riƙon da ita ce wanke-wanke, ita ce talla, ita ce ƙarshen cin tuwo ba?

To, yaushe aka fara tara yara a gida guda? Bayan Turawa sun ci ƙasar nan a 1903, sun riƙa ƙwace yara daga hannun fataken bayi. Yaran ba su san garinsu ba, balle a mayar da su. Sai gwamnatin Lugga ta ajiye su a wani gida a Zungeru. A 1909 aka miƙa su ga 'yan mishan a Rumasha, bakin kogin Binuwai. Wataƙila tun daga nan ne iyayenmu suka soma ɗari-ɗari da irin waɗannan gidaje.

Nan gida kuma, zuwan jirgin ƙasa wajen 1911 ya haifar da Sabon Gari. Samaru ta bunƙasa da gonar gwaji ta Turawa, daga baya Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Garuruwan baƙi ne, kowa ya baro danginsa nesa. In magidanci ya faɗi ya mutu a gidan haya, ina gwaggon da za ta ɗauki yaran? Nan ne igiyar riƙo ta fara tsinkewa, gidajen marayu da na horon kangararru suka samu wurin zama.

Abin da ke faruwa in an rufe ƙofa babu mai leƙawa, mun gan shi a Satumbar 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, har da ƙananan yara, wasu da sasari a ƙafa. Wata guda bayan nan aka gano wani a nan Zariya. Abin takaici, da yawa iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna neman gyara. Alhali kuwa Jihar Kaduna ta kafa dokar kare yara tun 2018. Doka a takarda ba ta buɗe ƙofa, sai an samu mai tambaya.

A ƙasar Romaniya masana sun bi rayuwar yaran gidajen marayu tun farkon shekarun 2000. Waɗanda aka mayar hannun iyalai, musamman kafin su cika shekara biyu, sun fi waɗanda aka bari kaifin ƙwaƙwalwa da sakewa da mutane. Ashe abin da Baba ta yi shi ne maganin: yaro yana bukatar mutum guda da ya san kukansa.

Don haka gidan marayu nagari shi ne wanda ya yi kama da gida: yara kaɗan a hannun mai reno ɗaya da ba a yawan canzawa, makaranta da asibiti, ƙofa a buɗe ga dangi da hukuma, ana kuma neman iyalin da za su karɓi yaron.

Uwargida, kada ki ce kina cikin kulle. In an ce za a kai ɗanki ko ƙaninki gidan horo, ki roƙi maigida ya je ya gani da idonsa, ya tambayi rajistar gwamnati, a kuma bar shi ya gana da yaron shi kaɗai. In kuwa akwai ɗan riƙo a ɗakinki, daren yau ki duba kwanonsa da na ɗanki.

Allah Ya jiƙan iyayen marayu, Ya raya mana zuriya.