Otal a Kan Dutse, Ruwa a Ƙarƙashinsa

A Bagwai aka haife ni, kusa da madatsar ruwa ta Watari, wadda aka gina tsakanin 1977 da 1980. Kakana ya yi leburanci a ayyukan madatsun ruwa na Jihar Kano, kuma daga bakinsa na fara jin labarin otal ɗin Rock Castle na Tiga. Yakan ce a zamaninsu idan dare ya yi, fitilun otal ɗin kan haskaka saman dutse, manoma na hango su daga ƙauyukan da ba su san lantarki ba.

Asalin labarin yana komawa ga Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, gwamnan farko na Jihar Kano, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975. Shi ya gina madatsar Bagauda, sannan ta Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka kammala a 1974. Burinsa bai tsaya ga noman rani kaɗai ba. Ya so ruwan ya jawo baƙi masu yawon buɗe ido, saboda haka aka gina otal ɗin Bagauda a bakin tafki, aka kuma ɗora Rock Castle a kan dutsen da ke kallon Tiga. Lokacin kuɗin man fetur ne, gwamnati ce mai gini, ita ce mai kula, kuma ita ce babbar mai kama ɗaki.

A nan raunin yake. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu, sannan shirin SAP ya biyo baya a 1986. Taruka suka ragu, baƙi suka ɗauke ƙafa, kuɗin gyara ya ƙafe. Bagauda ta tsira da sauran numfashi domin an mayar da harabarta reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Rock Castle kuwa bai sami magaji ba.

Ranar da na hau dutsen, na tarar da tagogi babu gilasai, bango ya tsattsage, ciyawa ta mamaye farfajiya. Amma da na leƙa ƙasa, sai ga ruwan Tiga yana nan, yana gangarawa ta magudanai zuwa gonakin shinkafa da tumatir na Kadawa da Kura.

Gini biyu, zamani ɗaya, gwamna ɗaya, amma ƙarshensu ya bambanta. Madatsar ta rayu saboda dubban manoma za su yi kuka ranar da ta tsaya. Otal ɗin ya mutu shiru, domin ba a taɓa ɗaura cikin talakawan yankin da shi ba. Ashe abin da jama'a ba su ci moriyarsa ba, ba su tashi kare shi.

Da na koma Bagwai, na tarar da ƙanena yana yashe magudanar Watari da shebur, ba tare da kowa ya sa shi ba.