Daga Gonakin Cadawa Zuwa Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya: Matsayin Nijar a Siyasar Sauyin Yanayi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin rawar da Jamhuriyar Nijar ke takawa a haɗin gwiwar ƙasashe kan sauyin yanayi. An bi diddigin yarjejeniyoyi da dokoki, aka auna su da aikin manoman jihar Maraɗi. Sakamakon ya nuna cewa nauyin maganar Nijar a waje ya samo tushe ne daga sassabin zamani.

1.0 Gabatarwa

Hayaƙin da Nijar ke fitarwa bai kai kashi 1 cikin 100 na duniya ba, amma fari da gurgusowar hamada sun fi yi mata illa fiye da ƙasashen da suka haddasa matsalar. Bayan farin 1973, an yi taron ƙasa kan yaƙi da hamada a Maraɗi a 1984, zamanin Seyni Kountché.

2.0 Nijar a Fagen Duniya

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi a 1995, sannan ta Paris a 2016. A taron Marrakesh na 2016 aka kafa Hukumar Yanayi ta Yankin Sahel, aka damƙa wa Nijar shugabancinta. A Fabrairun 2019 ƙasashen hukumar 17 suka amince a Yamai da shirin zuba jari na kusan dala biliyan 400 zuwa 2030. A Disamban 2021 kuma Nijar da Ayaland suka gabatar wa Kwamitin Sulhu daftarin ƙudurin da ya danganta sauyin yanayi da tsaro. Ƙasashe 12 sun goyi baya, Rasha ta hau kujerar na-ƙi.

3.0 Sassabin Zamani a Ƙasar Maraɗi

A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki a Maraɗi, ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki suna da rai. Manoman Agye, Cadawa, Gazawa da Gidan Rumji suka rungumi dabarar rainon tofon kututturan, wato sassabin zamani, suka inganta ta. Lokacin sharar gona, manomi ba ya ƙone kututturen sabara ko kalgo. Yakan zaɓi tofo biyu zuwa biyar masu ƙarfi, ya sare sauran, ya rage rassan ƙasa. Cikin 'yan shekaru sai tofon ya zama itace, ya tare iskar da ke binne shuka, ya ba mata itacen girki kusa da gida. Gawo kuwa yakan zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ga taki, ga 'ya'yansa abincin dabbobi da rani.

A Ɗan Saga ta ƙasar Agye, kwamitocin gari da suka haɗa maza da mata da makiyaya ne suka hana sare itatuwa da sata. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200. Wannan nasara ce ta ba gwamnati ƙarfin gwiwar alƙawarin gyara hekta miliyan 3.2 kafin 2030 a shirin Afirka na farfaɗo da ƙasa. A 2020 aka fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi mallakar itacen da ya raina.

4.0 Kammalawa

Binciken ya tabbatar da cewa hujjar da Nijar ke kaiwa tarukan duniya manomi ne ya kafa ta da gatari da lauje. Saboda haka wajibi ne kuɗin tallafin yanayi su riƙa isa ga kwamitocin ƙauyuka kai tsaye, a fassara dokar 2020 da Hausa a yaɗa ta a gidajen rediyo, a kuma sa manoma da makiyaya cikin tawagar da ke wakiltar ƙasar.