Gawo da Mena a Ƙasar Damagaram

Duk yaron da ya tashi a unguwar Zango ta Zinder ya san mena a jikin rigar 'yan ƙwallon Nijar, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa ganinta da rai. Gawo kuwa, fita ka nufi Mirya ko Matamaye, sai ka gaji da ƙirga.

Su biyun masana sun sha sauya musu suna. A 1766 Pallas ya rubuta mena a littafin ilimi. An daɗe ana haɗa ta dangi guda da barewa, kafin a ware ta da sunan Nanger dama. Gawo ya shekara fiye da ɗari cikin dangin bagaruwa da farar ƙaya, har 1934 da Chevalier ya ba shi gidansa shi kaɗai, Faidherbia, sunan wani gwamnan Faransa a Senegal. Manomi bai jira wannan ba. Ya riga ya san itacen da ke kakkaɓe ganye da damina, ya bar wa hatsi rana da taki, da rani kuma ya ciyar da awaki da 'ya'yansa, ba irin sauran ba ne.

An ruwaito cewa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya sa hukunci mai tsanani kan mai saran gawo. Bayan farin 1984 manoman Magarya, Matamaye da Mirya suka koma barin tsiron da ya fito a gona, suna yi masa sassabe, har gawo ya rufe kusan hekta miliyan guda. A jerin IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, yau ba ya cikin waɗanda ake jin tsoron ƙarewarsu.

Mena ba ta sami wannan gata ba. Ba a gonar kowa take ba. Bindiga da mota suka bi ta har cikin hamada, fari ya cinye makiyayarta. Tun 2006 take sahun dabbobin da ke dab da shuɗewa, kuma waɗanda suka rage a daji a duniya ba su kai 300 ba.

A 2012 aka kafa wa irin su mena gandun Termit da Tin Tumma, mai faɗin murabba'in kilomita 97,000. A 2019 aka yanke kusan rabinsa saboda man Agadem, man da ake tacewa a matatar da ke arewa da Zinder. Tsirarun menar da ke Termit sun haye duwatsu, inda mota ba ta hawa.