Asalin Kalmar Lamam da Saɓanin Malamai a Kanta

Kalmar "lamam" sau ɗaya tak ta zo a Alƙur'ani, a aya ta 32 ta Suratun Najmi, surar da ta sauka a Makka. Ayar ta siffanta masu kyautatawa da nisantar manyan zunubai da alfasha, sannan ta togace lamam. Wannan togaciya ce ta sa malaman lugga da na tafsiri suka daɗe suna bin diddigin kalmar.

Tushenta haruffa uku ne: lam, mim, mim. Larabawa kan ce mutum ya "alamma" da wani wuri idan ya ratse ya ɗan tsaya, bai yada zango ba. Taɓin hankali marar tsanani, wanda suke dangantawa da shafar aljanu, shi ma lamam suke ce masa. Jigon ma'anar ke nan: a kusanci abu, a taɓa shi, amma ba a dulmiya cikinsa ba.

Fassarar da ta fi shahara ita ce ta Abdullahi ɗan Abbas. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ya ce bai ga abin da ya fi kama da lamam ba kamar hadisin Abu Huraira, wanda ya bayyana cewa ido yana da zinarsa ta kallo, harshe kuma ta magana. A wannan fahimta, lamam ƙananan laifuka ne waɗanda babu haddi a kansu. An kuma ruwaito daga Hasanul Basari cewa shi ne mutum ya afka wa babban zunubi sau ɗaya, ya tuba, bai koma ba. Wasu suka ce ana nufin abin da aka aikata a zamanin jahiliyya, wanda shiga Musulunci ya shafe. Ɗabari, wanda ya rasu a shekara ta 310 bayan Hijira, ya tattara waɗannan ra'ayoyi da isnadinsu.

Saɓanin yana da tushe a nahawu. Idan lamam yana cikin jinsin manyan zunubai, ra'ayin Hasan ya zauna daram. Idan kuwa togaciyar yankakkiya ce, wato lamam wani abu ne daban, fassarar ɗan Abbas ce ke da rinjaye, kuma ita ta fi dacewa da asalin luggar.

Ra'ayin nan Jalaluddinil Mahalli, wanda ya rasu a 864 bayan Hijira, ya bi a tafsirin Jalalaini, ya kawo misali da kallo da sumba da shafa. Da yake Jalalaini ne littafin da aka fi ja a tafsirin azumi a ƙasar Hausa, malamai kan fassara kalmar da "ƙananan laifuka". Ita kanta ba ta shiga bakin jama'a ba kamar "zunubi", wadda asalinta jam'i ne a Larabci amma Hausa ta karɓe ta a matsayin tilo.