Masu Kwana a Kan Teku Domin Nutso

Tun kafin a ƙera tukunyar iskar da ake goyawa a baya, akwai mutanen da ke barin iyali su tare a jirgin ruwa domin nutso kawai. A Tekun Fasha, masu neman lu'ulu'u na Bahrain da Kuwait da Katar sukan fita a tsakiyar zafi, daga wajen Yuni zuwa Satumba, kusan wata huɗu suna kan ruwa. Mai nutso ya matse hancinsa da ɗan maƙalli, ya zura ƙafa a madaukin igiya mai dutse, ya sulale ƙasa da numfashi ɗaya. A sama akwai wanda ba shi da aiki sai riƙe igiyarsa, da ya ji an girgiza sai ya jawo da ƙarfinsa duka. Cimarsu dabino ce da shinkafa da kifi, kuma yawancinsu bashin mai jirgi ne ya fito da su. Sana'ar ta durƙushe a shekarun 1930, lokacin da lu'ulu'un da Japan ke kiwo ya cika kasuwa.

Shirin tafiyata ta farko, irin wadda ake mako guda a jirgi ana nutso, shi ya sa na bi diddigin wannan al'ada, kuma gaɓar Sudan ce ta fi riƙe ni. A nan kakanninmu mahajjata ke ƙare tafiyar ƙasa, su hau jirgi a Sawakin zuwa Jidda. Wasu ba su tsallaka ba, wasu sun dawo sun zauna, shi ya sa har yau ana jin Hausa a Bur Sudan. Ruwan Bahar Maliya da suka ratsa da addu'a a baki, a cikinsa aka raini nutson zamani.

A 1949 wani ɗan Ostiriya, Hans Hass, ya iso Bur Sudan da kyamarar ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa. Ya tarar da Umbria, jirgin Italiya da kyaftin ɗinsa ya nutsar da gangan ranar 10 ga Yuni 1940, da ya ji a rediyo ƙasarsa ta shiga yaƙi, don kada bama-bamai kusan 360,000 da ya ɗauko su faɗa hannun Ingila. Jirgin na nan kwance a gefensa, murjani ya lulluɓe shi, kayansa na ciki. Fim ɗin da Hass ya ɗauka a Bahar Maliya ya ci kyauta a Benis a 1951.

Amma wanda ya mai da jirgi gidan masu nutson zamani shi ne Bafaranshe Jacques Cousteau. A 1943 shi da injiniya Émile Gagnan suka haɗa na'urar da ke ba mutum iska daga tukunya daidai lokacin da ya zuƙa. Ya samu Calypso, tsohon jirgin share nakiyoyi na sojan Ingila, ya zuba masa injin cika tukwane, da ɗakin bincike, da madafa, ya nufi Bahar Maliya a 1951. Dalilin kwana a jirgi a fili yake: duwatsun murjani masu kyau suna can tsakiyar teku, gaɓa kuwa hamada ce. Wanda zai koma gari kullum da yamma, ranarsa a hanya za ta ƙare.

A 1963 Cousteau ya wuce nan. A Sha'ab Rumi, arewa da Bur Sudan, ya girka gidan ƙarfe a zurfin mita 10, mutanensa suka yi wata guda a ciki, suna ci suna barci, har da aku a tare da su. Biyu suka sauka wani ɗaki a zurfin kusan mita 30 suka yi mako. Fim ɗin wannan zama ya ci kyautar Oscar. Rumfar da suke ajiye ɗan jirginsu na ƙarƙashin ruwa tana nan, kuma ita na fi ɗokin gani. Sai dai yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya tsai da harkar kai baƙi nutso a can, abin da ke ci mini rai ƙwarai, domin matuƙa da masu dafa abinci na Bur Sudan da ita suke ci.

Don haka Masar zan nufa, inda abin ya zama kasuwa tuntuni. Daga Hurghada jirage ke kai baƙi wurin Thistlegorm, jirgin Ingila da Jamusawa suka nutsar a 1941, babura da motoci jere a cikinsa. Ana kaɗa ƙararrawa da asuba, a yi nutso uku ko huɗu kafin barci.

Shawarar da ake ba sabon shiga ba ta wuce jaka mai laushi maimakon akwati, da maganin jiri, da inshora, da barin kwana guda tsakanin nutson ƙarshe da hawa jirgin sama saboda iskar nitrojin da ta taru a jiki. Duk daidai ne. Ni dai a ganina an bar babba a baya. A Satumban 2019 gobara ta cinye jirgin Conception a gaɓar Kalifoniya, mutum 34 suka rasu a ɗakin barci na ƙasa, kuma bincike ya nuna babu mai gadin dare da ke zagayawa. A Nuwamban 2024 jirgin Sea Story ya kife kusa da Marsa Alam a Masar, wasu suka rasu, wasu suka ɓace. Waɗannan mutane ba a wurin nutso suka gamu da ajalinsu ba.

Saboda haka kafin in biya ko sisi na aika wa masu jirgin tambayoyi: wa ke tsaron dare, ina ƙofar tsira daga ɗakunan ƙasa, a ina ake cajin batura, kuma kyaftin yakan fasa fita idan an yi gargaɗin iska? Ina jiran amsarsu a rubuce.